Idon Baba na Dama

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Barista, lauyarmu, ita ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta komai: ranar da muka je asibiti, wanda muka gani, abin da ya ce, maganin da aka ba mu. Ta ce maganar neman diyya tana jan lokaci, mutum kuma yana mantuwa. Na saya. Na buɗe shafin farko na zauna ina kallonsa har ruwan shayin Baba ya ƙone a kan wuta.

To, ga abin da ya faru, yadda na faɗa mata. Baba mai gyaran agogo ne, shekara talatin da huɗu a rumfa ɗaya a bakin kasuwa. Yanar ido ce ta rufe masa na hagu. Na dama lafiyarsa ƙalau, da shi yake aiki, a kansa yake maƙala ɗan gilashin nan nasa na duba cikin agogo. Wata huɗu da suka wuce na kai shi asibitin kuɗi don a cire yanar. Aka yi aikin a idon dama. Bayan kwana uku idon ya kumbura ya fara ruwa. Na buga musu waya, nas ta ce a ba shi maganin ciwon kai, haka yake yi wa kowa. Kafin mako ya zagayo idon ya mutu. Yanzu haske da inuwa kawai Baba yake gani, da idon da tun farko aka je gyarawa.

Ƙanena Auta ne ya samo Barista. Shi direban motar kaya ne, yana da iyalinsa a can ƙarshen gari. Ni ce a gida tare da Baba tun da aurena ya mutu, Umma kuma ta rasu.

Abin da na faɗa mata ke nan. Ta rubuta, ta gode min, ta ce na iya bayani.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana, a shago

Injin fotokwafi ya sake cinye takarda, na ɓata rabin awa ina zaro ta guntu-guntu, yatsuna duk baƙin tawada. Na yi kwafin katin Baba da takardun magani, kowanne guda uku. Oga ya leƙo ya ce, "Malama, yau ke ce babbar kwastomarmu, sai mu ba ki kujera." Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Barista ta rubuta wa asibitin cewa su ba da fayil ɗin Baba. Ta ce fayil ɗin shi ne komai, duk takardar da aka cike ranar aikin tana ciki. Na ce, "Duk?" Ta ce, "Duk."

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Ban ci komai ba yau, kuma ban ji yunwa ba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Auta ya zo, suka sake yi da Baba.

Baba ya ce, "Na ce muku ku bar maganar nan. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru."

Auta ya ce, "Baba, Allah bai ce likita ya shiga ɗakin tiyata bai duba kati ba. Ido fa suka ci maka. Sana'arka suka ci."

"To kotun tana sayar da ido ne? In tana sayarwa ka karɓo min guda biyu, in ajiye ɗaya."

Auta bai yi dariya ba. Ya juyo wurina. "Yaya, ke ba za ki ce komai ba? Ke kika kai shi, a gabanki aka yi komai. Ni kaɗai nake ta haushi kamar ni kaɗai ya haifa."

Na ce ina da wanke-wanke. Kwano biyu ne da cokali. Na daɗe a kansu.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min na rame. Ya ce in daina sa abin a raina, ba laifina ba ne, laifin waɗancan azzaluman ne. Ya dafa kafaɗata. Da ma bai dafa ba.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Barista ta tura mu wurin wani babban likitan ido don ya rubuta rahoto. Sai da na yi wa Baba ƙarya cewa maganin ɗigawa za a canza masa, sannan ya yarda ya sa takalmi.

Dattijo ne likitan, ba ya sauri. Ya haska idon dama ya daɗe. Ya haska na hagu ya ce, "Wannan ai yana da rai. Yanar ido ce kawai. Aikin minti ashirin ne, in Allah ya yarda ka ga hanyarka, har ka yi karatu."

Baba ya ce, "Likita, na ba 'yan uwanka ɗaya. Wannan da shi nake gane gari ya waye. Ka bar min kayana."

Likitan bai matsa ba. Ya ce ƙofarsa a buɗe take. Sai ya juyo ya tambaye ni ko an sa alama a goshin Baba kafin a shiga da shi, na ce ba a sa ba. Ko likitan da ya yi aikin shi ne wanda ya fara duba shi, na ce a'a, wani ne daban, ranar muka fara ganinsa. Ya girgiza kai yana rubutu. Ya ce, "Wa aka tambaya wane ido ne?"

Na ce ban tuna ba.

A mota Baba ya ce, "Uwata, maganin da aka canza ɗin yana ina?" Na juya ina kallon titi. Ya ce, "Ba ki iya ƙarya ba, kar ki fara da girmanki."

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Asibitin sun ce ba su ga fayil ɗin ba, ana nema. Barista ta kira tana faɗa, ta ce dabara ce, ta san irinsu, za ta sa kotu ta tilasta musu. Na ce mata Allah ya kyauta.

Da na kashe wayar sai na ji ƙirjina ya saki, karo na farko cikin makonni. Har biskit na saya na ci. Allah ka yafe min.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Mutane sun fara biyo Baba gida suna neman agogunansu. Jiya na je rumfa na kwaso duk wanda ke cikin durowa, guda goma sha tara, na zuba a kwalin takalmi. Rumfar tana nan yadda ya bar ta, hantsakinsa da ƙananan sukundirebobi a jere a kan ƙyallen, ƙura ta hau su. Mai sayar da takalma na kusa da shi ya ce kullum sai an tambaye shi ina mai agogo.

Babu suna a jikin ko ɗaya. Baba bai taɓa rubuta suna ba, a ka yake riƙewa. Na ce to yanzu yaya za mu yi. Ya ce in miƙo. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana shafawa. "Wannan na mai kantin magani ne, gilashin ya tsage a gefe. Wannan na matar nan mai yawan ciniki, ki ce mata na gama tun tuni, ita ce ba ta zo ba. Wannan na ɗan sanda ne, kar ki karɓi komai a hannunsa, ba zai bayar ba ma." Sha bakwai ya gane. Biyun da suka rage ya riƙe su a tafin hannu ya daɗe, sannan ya ce in mayar, kansa yana ciwo.

Da safe ya zubar da shayi a rigarsa, ya zauna a haka bai kira ni ba har na gani da kaina. Taku goma sha ɗaya ne daga gadonsa zuwa banɗaki. Ina jin sa yana ƙirgawa a hankali, yana zaton ba na ji.

Na gaji. Ba aikin ba ne.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

An ga fayil ɗin. Barista ta ce in zo gobe. Ta ce in zo ni kaɗai.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Ban koma shago ba. Ina zaune a benci a tashar mota, motoci uku sun cika sun tashi ban shiga ba.

Barista ta rufe ƙofar ofis da kanta. Ta zaro wata takarda daga fayil ɗin ta ajiye a gabana, ta sa yatsa a kan wani layi. Ba ta tambaye ni ko rubutuna ba ne. Ta ga rubutuna sau nawa.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko zan huta.

Ranar aikin mutane sun yi yawa, an jera tsofaffi a kan benci a baranda. Nas ta zo da sauri ta miƙo min fom ta ce in cike, an kusa kiran mu. Akwai wurin da aka ce wane ido. Ina tsaye a gaban Baba, yana zaune yana fuskantata. Na kalli idon mai fari-farin, yana ta hannun damana. Na rubuta dama. Na sa hannu a ƙasa. Ta fizge takardar ta wuce.

Da aka turo shi waje na ga bandeji a wancan idon, nan take na gane. Tun kafin kowa ya gane. Na yi ihu tare da kowa, na zagi nas tare da Auta, na yi kuka a ofishin shugaban asibitin. Ban faɗa wa kowa ba.

Barista ta bar ni na gama kukana, ta turo min ruwa. Sannan ta ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba? Ni lauyarku ce. Na shiga faɗa da mutane ban san akwai rami a bayana ba."

Na ce shi ke nan na kashe shari'ar ko?

Ta ce, "Ba ki kashe ba. Katin gwajin farko yana cikin fayil ɗin nan, an rubuta hagu har wuri uku. Ke ba likita ba ce. Ba aikin 'yar majinyaci ba ne ta zaɓi idon da za a yanka. Aikin mai riƙe da wuƙa ne ya buɗe kati, ya duba idon da kansa, ya tambayi mai idon. Ga kuma wayar da kika buga aka ce ki ba shi maganin ciwon kai. Amma lauyansu zai ɗaga takardar nan sama, don ya rage abin da za su biya. Sun nemi zaman sulhu ranar Laraba. Ki faɗa wa 'yan gidanku kafin su ji a bakin wani."

Na ce to.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Na shirya zan faɗa yau. Na zauna kusa da Baba, na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Sai ga sallamar Gwaggo, ƙanwarsa, da ledar lemo da labarin duk wanda ya mutu a unguwarsu tun bara. Ta ce ta ji muna kai likitoci ƙara, mu ji tsoron Allah, gobe wa zai duba mu in mun kwanta. Ta ce wata maƙwabciyarta an cire mata haƙorin da ba shi ne mai ciwo ba, ta yi haƙuri, ga ta nan har ta aurar da jikoki. Baba ya ce, "Haƙori talatin da biyu ne, ido biyu. Ki bar kwatanta su." Shi da yake cewa a bar maganar.

Ta yi awa uku. Da ta tafi Baba ya ce, "Ɗazu kin kira ni." Na ce maganinsa ne zan tuna masa.

Na ɗauki waya zan kira Auta sau huɗu.

Talata, 26 ga wata, da safe

Gobe ne. Ban faɗa ba.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Baba ya ƙi zuwa, ni da Auta da Barista muka je. Dogon tebur, sanyin na'ura har cikin ƙashi, robobin ruwa da ba wanda ya buɗe. Likitan da ya yi aikin bai zo ba. Lauyan asibitin ne da wata mata daga ofishin shugabansu.

Lauyan mutum ne mai ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya jajanta mana sosai. Ya ce asibitin yana baƙin cikin halin da dattijo ya shiga. Sannan ya zaro takardar daga fayil kamar bai so ba, ya ce sai dai ma'aikatansu sun yi aiki ne da abin da iyalin majinyaci suka rubuta da hannunsu.

Auta ya ce, "Wane iyali? Ƙarya ne. Mu gani." Ya jawo takardar. Ni na koya masa rubutu yana ɗan aji ɗaya. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya mayar da ita a hankali ya jingina da kujera.

Barista ta yi aikinta. Ta baza katin gwajin, ta karanta rahoton dattijon likita, ta tambayi matar ko dokar asibitinsu ta ce 'yan rakiya ne ke zaɓar inda za a yanka. Matar ta kalli lauya. Suka faɗi abin da za su iya bayarwa, Barista ta rufe fayil ta ce wannan raini ne. Aka sa wani zaman bayan mako biyu.

A wurin ajiye motoci Auta ya ce, "Wata huɗu, Yaya."

Na ce, "Auta, ka tsaya ka ji."

"Kuskure kowa yana yi. Ba shi ne ya ƙona min rai ba. Wata huɗu kina kallona ina zagin mutane, ina dafa ki ina ba ki haƙuri. Kika bar ni na shiga ɗakin nan kamar wawa." Ya buɗe motarsa. "Baba ya sani?"

Na girgiza kai.

"Ni ba zan faɗa masa ba. Kayanki ne, ki ɗauka."

Bai ce in shigo ba. Na hau motar haya.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Auta ya kawo wa Baba sabulu da madara. Ya gaishe shi, ya zauna minti goma, ya wuce ni a tsakar gida kamar turmi. Baba ya tambaye shi yadda zaman ya kasance, ya ce ana nan ana yi.

A shago na buga wa wani ɗalibi shafi sittin a juye. Oga ya ce in tafi gida in kwanta.

Lahadi, 1 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Ina yanke masa farce a tsakar gida. Hannunsa yana cikin nawa, ba na kallon fuskarsa, shi ya sa na iya. Na faɗa masa duka, tun daga bencin baranda har zaman Laraba. Na gama, na jira.

Ya ce, "Saura ɗan yatsan nan, kin tsallake shi."

Na ce, "Baba, ka ji abin da na ce?"

Ya ce, "Na ji. Tun ranar na ji. Da suka kwantar da ni, nas ta karanta takardar da ƙarfi. Ta ce idon dama, 'yarsa ta sa hannu."

Abin yanke farcen ya faɗi daga hannuna.

Ya ce, "Bari in gaya miki nawa, tun da yau ranar faɗa ce. Idona biyu, kunnena biyu, ba barci suka sa ni ba. Na ji ta ce dama. Na ji suna wanke min na dama, suka rufe fuskata da ƙyalle suka bar shi a buɗe. Na ce a raina ƙila haka ake yi, ana fara gyara mai lafiya. Na ce su masu ilimi ne, kar in yi tambayar jahilci a yi min dariya. Ga likitan yana ta sauri, yana cewa saura mutum tara. Uwata, baki gare ni, idona ne, na yi shiru. Shekara talatin da huɗu ban taɓa buɗe agogon mutum ban tambaye shi me yake damun sa ba. Ni ba a tambaye ni ba, ni kuma ban yi magana ba."

Na ce to me ya sa bai taɓa faɗa ba.

"In faɗa a je a tono takardar, a ɗaga sunanki a gaban mutane? Shi ya sa nake cewa ku bar maganar. Ashe ina nan ina ɓoye miki abin da kike ɓoye min. Mun yi asarar wata huɗu muna gadin juna."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne Umma. Ya bar ni. Can ya ce, "Ya isa. Ke kin karkace sau ɗaya a tsaye a baranda. Su mutum huɗu suka wuce ta kaina da katina a hannunsu. Tun da abin da nake tsoro ya riga ya fito, ki kira min lauyar nan. Kuma ki ƙarasa min farcen, na zama kamar shaho ta hannu ɗaya."

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Na makara. Rabon da in yi barci har rana ta fito na manta.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Baba ya je ofishin Barista da ƙafarsa. Ya ba ta labarin ɗakin tiyata, ta riƙa rubutu har biro ya ƙare ta canza wani. Ta ce wannan shaida ce mai ƙarfi, ba wanda ya tambaye shi alhali yana farke. Ta ce in aka je kotu za a iya samun fiye da abin da za su bayar a sulhu, amma a shirya wa shekara uku ko huɗu, kuma za a sa ni a akwatin shaida a yi ta juya ni.

Baba ya ce, "Shekara huɗu? 'Yata, ki dube ni da kyau. A gama a teburin nan."

Shi ya kira Auta da kansa ya ce ya zo ya mayar da mu gida. A mota Baba ya ba shi nasa labarin. Auta ya ci gaba da tuƙi. Da muka isa ya zagayo ya buɗe wa Baba ƙofa, sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, kin bar jakarki a baya." Kalma ta farko cikin kwana takwas. Na karɓa.

Na sake yi wa Baba maganar idon hagu. Ya ce kar in ɓata masa rana.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

An gama.

Baba ya sa farar rigarsa. Da lauyan ya fara jajantawa, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, na gode, an yi min jaje ya ishe ni. Likitan ya zo?" Aka ce yana da aiki. Baba ya ce, "Har yanzu saura mutum tara ke nan."

Ya faɗi abin da ya faru da shi a kan gadon nan, bai ɗaga murya ba. Matar ofishin shugaba ta daina rubutu ta sunkuyar da kai. Suka fita shawara sau biyu. Abin da suka dawo da shi a karo na biyu Barista ta ce ba laifi, zai riƙe Baba, zai biya magani da duk wani aiki nan gaba. Sharaɗinsu biyu: asibitin bai amsa laifi ba, kuma ba za mu yi magana da 'yan jarida ba.

Baba ya ce in karanta masa takardar layi-layi. Da na zo wurin da aka ce ba su amsa laifi ba, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To kuɗin na mene ne, sadaka?" Ya nemi a ƙara layi ɗaya, cewa daga yau za su riƙa tambayar majinyaci da bakinsa su sa masa alama kafin a shiga da shi. Lauyan ya ce ba a saka irin wannan a takardar sulhu, amma zai isar da saƙon. Matar ta ce, a hankali, an riga an fara. Ban sani ba ko gaskiya ne.

Suka kawo tawada don ya dangwala yatsa. Ya ce shi ya iya sa hannu. Na ɗora masa bakin biro a kan layin, ya ja sunansa, ya ɗan haura sama.

Na zaci zan ji wani abu. Auta ya ce mun yi nasara, Barista ta ce mun yi ƙoƙari. Ni dai ƙafafuna ne suke ciwo. Ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri, mun yi kuskure. Baba ya shiga gida yana ƙirga takunsa kamar jiya.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Baba ya ce in raka shi rumfa ya kwashe kayan aikinsa, mai rumfar yana son ya ba wani haya. Na ɗauki kwali biyu.

Maƙwabta suka taru ana ta gaisawa, mai takalma har da hawaye. Baba ya zauna a kujerarsa ya ce a bar shi ya huta kafin mu fara. Ya shafa teburin, ya gyara jerin sukundirebobin da na taɓa ranar, ya ce wani ya sa masa hannu a kaya.

Sai ga wani mutum da kayan ma'aikata, baƙo ne, bai san komai ba. Ya miƙo agogo ya ce, "Baba, ya tsaya tun shekaranjiya. Na mahaifina ne, ba na son in kai wa yara su lalata."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, Baba ya riga ya miƙa hannu. Ya juya agogon, ya lalubo ƙaramar wuƙarsa, ya ɓalle murfin baya kamar yana gani. Ya ce in karanta masa lambar batir. Na karanta. Ya ce durowa ta biyu, layi na uku. Na ciro, ya saka da hantsaki, sau biyu yana kuskurewa, na uku ya zauna. Ya kai agogon kunne. Ya girgiza shi ya sake kaiwa.

Ya ce, "Ba batir ba ne. Ciki ne, sai an warware shi gaba ɗaya."

Mutumin ya ce, "To yaushe zan dawo?"

Baba ya shafa gilashin da babban yatsa. Ni ina tsaye da kwali a hannu.

Ya ce, "Ka ba ni wata biyu. Za a yi min aikin ido."

Mutumin ya yi masa fatan samun lafiya ya tafi. Baba ya ce in je in gaya wa mai rumfa kar ya ba kowa. Muka kulle, muka fito da kwalayen babu komai a ciki.

A hanya na riƙe hannunsa muna tsallaka titi, na ce, "Baba, da gaske kake, ko don mutumin ya tafi ne?"

Ya ce, "Tsoro nake ji, Uwata, kamar in mutu. Amma na riga na karɓi agogon mutum."